Muryar da Na Ara wa Mai Kwalekwale

A shagon ƙanena da ke kasuwar Jega, tambaya ɗaya maza ke yi kafin su miƙa waya a tura musu fim: "Wa ac ciki?" Wato wane jarumi ne a ciki. Labarin bai dame su ba. In aka ambaci wani mai faɗin ƙirji da gashin baki, sai su ƙara da, "Akwai hwaɗa?" In akwai, ciniki ya faɗa. Ni ban taɓa taka shagon ba, ko launin ƙofarsa ban sani ba, amma tambayar na haddace ta, don kullum sai ƙanen nawa ya dawo gida yana kwaikwayonsu muna dariya.

Sana'arsa iri biyu ce. Yana tura wa mutane fina-finai a waya, kamar sauran masu shago a layinsu, kuma yana fassara. Zai samo fim ɗin Indiya, ya bi rubutun Turancin da ke ƙasa, ya ɗora masa Hausa da bakinsa. A wani ɗan ɗaki kusa da zauren gidanmu yake yi, ya jingine tsofaffin katifu a bango don kada kukan akuya ya shiga. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsoho, shi ne kuma budurwa. In ya zo kan budurwa sai ya matse hanci ya ƙanƙance murya, kuma abin yana wucewa, don me mace ke faɗi a irin fina-finan nan? Ta yi waƙa, ta yi kuka, ta ce a cece ta, shi ke nan. Cinikin sabuwar fassara kuwa a kwanakin farko yake. Da sun wuce, sauran shaguna sun kwafe, ta zama ta kowa.

Ni a Aliero nake aure. Maigidana dillalin albasa ne, asalinsa mutumin Mungadi ne can wajen Maiyama, inda mahaifiyarsa take har yau. Ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ba a kwana da yunwa a gidansa. Sai dai mutum ne da in ya yanke magana ba ya sake waiwayarta. Ina da tsohon ciki aka yi wani abu a unguwarmu. Wata matar aure ta yi waƙa a wurin biki, cikin mata zalla, wata ta ɗauka a waya. Kafin a ankara waƙar ta isa inda ake lodin albasa, 'yan dako na kunnawa suna shewa. Mijinta ya sallame ta. Ɗanta da aka riga aka yaye ya zauna a gidan uba, ita ta tafi da akwatinta. Da yamma maigidana yana cin tuwo ya ba ni labarin, ya suɗe hannu ya ce, "Ya yi daidai. Maccen da muryatta tak kai kasuwa, ita ta gama hita." Na ce haka ne, na kwashe kwanoni. A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da zancen ba.

Da haihuwa ta matso aka kai ni gida Jega wurin Inna, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na samu 'ya mace. Ina cikin wankan jego, na yi ɓulɓul da kunun kanwa, ba aikin fari ba na baƙi, ƙanena ya fara zarya a ƙofar ɗakina. In ya shigo sai ya ɗauki jaririya ya yi ta yaba hancinta. Na san shi tun yana tsumma, na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Wani fim ya samo. Labarin wata mata ce da ubanta ya mutu ya bar mata kwalekwale, tana ƙetarar da mutane kogi, manyan gari suna son ƙwace mashigin su ba wani mai kuɗi. Ba jarumi a ciki. Ita ce daga farko har ƙarshe, kuma magana take yi, ba waƙa ba. Ya gwada da matsattsen hancinsa, maƙogwaro ya ƙi, abin da ya fito kuma ko shi bai iya saurara ba.

Na ce, "To ka bar shi mana. Wa za shi saye?"

Nan ya gyara zama. Ya ce ya karanta a waya cewa ko can Indiya tsoron irin fim ɗin nan ake yi. Masu zuba kuɗi ba sa son fim ɗin da mace ke ja, masu gidajen silima kuma ba sa ba shi wuri mai kyau, wai in ba fuskar namiji a jikin hoton talla, mutane ba za su fito ba. Don haka manyan masu fassara na birni ba su ko kalle shi ba. "Adda, ni kaɗai za ni samu shi," in ji shi. "Kuma wa ka kallon fim dare da rana in ba mata ba? Ke ki duba gidanga." Ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya sayi sabuwar kwamfuta da abin magana mai kyau. Kawunmu kuma ya gaya masa in shagon bai tsaya da ƙafarsa ba kafin damina, ya rufe ya koma gona a Alelu.

Sai da ya gama zagaye-zagayen ya faɗi abin da yake so. Muryata yake so.

Tuwon nan da suɗe hannun nan suka dawo mini. Na ce a'a. Ya ce ba za a sa suna ba, kuma kwamfutar tana juya murya har uwar da ta haife ka ba za ta gane ka ba. Na ce a'a. Ya tafi ya bar mini wayarsa da fim ɗin a ciki, kamar mantuwa ya yi. Na kalla ina shayarwa. Ban san yarensu ba, amma na ga matar nan ta tsaya gaban dattawa, zaninta a jiƙe har gwiwa, tana magana ba ta sunkuyar da kai ba. Tun muna yara ni ce mai kwaikwayon 'yan fim a gidanmu, har Inna kan ce an haife ni da baki biyu. Na ji ina so in san me take cewa, kuma ina so in faɗe shi da bakina. Washegari da hantsi na shiga ɗakin katifu.

Tsakanin wankan safe da la'asar muke yi. Shi zai karanto mini abin da ta ce, ni in faɗa daidai da motsin bakinta. Inna ta karɓi jaririya ta zauna a tsakar gida, ba ta tambaye mu me muke yi ba, mu ma ba mu gaya mata ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan irin daɗin da ban taɓa ji ba. Na yi wa dattawa tsawa, na yi wa fasinja ba'a, na yi dariya har da riƙe ciki. Wurin da kogi ya cika ya tafi da kwalekwalen, na yi kuka na gaske, har nono ya zubo ya jiƙa mini riga.

Da muka gama, ya juya muryar kamar yadda ya yi alkawari, ya kunna mana. Wata aba ce ta fito kamar ɗan akuya ya shaƙe da ƙaiƙayi. Ya sake juyawa, ta koma ta ƙato. Sai ya kunna ta asali don mu kwatanta. Daga bakin ƙofa Inna, wadda wai ba ta san kome ba, ta ce, "Wagga ta ƙarshe ita am mutum." Ƙanena ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Haka aka bar ta.

Na koma Aliero da goyona. Ƙanena ya tsaya sai lokacin cire albasa, sa'ad da aljihun kowa ke da nauyi, sannan ya saki fim ɗin. Daga ranar na rasa irin addu'ar da zan yi. In na ce Allah ya kawo kasuwa, muryata za ta shiga wayar kowane ɗan dako, kuma motocin albasar maigidana ta Jega suke bi. In na ce Allah ya hana, ƙanena ne zai koma riƙe fartanya. Gaba kura baya siyaki. Sai in shafa in ce Allah ya yi abin da ya fi alheri, in tashi.

Yakan kira ni da rana in ya san maigidan ya fita. Kiran farko ma muryarsa ta gaya mini kome. Maza suna zuwa shagon, suna tambayar da suka saba. In ya ce, "Macce ta," sai su ce, "To wa aj jarumin?" In ya ce babu, sai mutum ya janye wayarsa ya ce a sa masa wani. Wani ma ya ce masa in surutun mace yake so, yana da shi kyauta a gida. Da abin ya ishe shi sai ya yi wata dabara da ta ƙarasa shi. Akwai wani mai gashin baki a fim ɗin, fasinja ne, ya shiga kwalekwale ya sauka, ba a sake ganinsa ba. Shi ya ciro ya buga babba a hoton talla ya manna a ƙofar shago. Ranar kasuwa aka yi ta miƙo waya. Kasuwa ta gaba suka dawo masa a fusace, wai ya yaudare su, sun zauna jiran faɗa har barci ya kwashe su, ba wanda ya kai ko tsakiya. Wasu daga ranar suka koma shagon maƙwabcinsa.

Yana faɗa mini yana neman yin kuka, ni kuwa wani sanyi ne ke ratsa ni. Na ba shi haƙuri da baki, amma a zuciyata hamdala nake yi. Na ce fim ya mutu, asirina ya rufu. Na ci abinci sosai ranar, har na yi wa 'yata wasa da waƙa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wata rana bayan azahar ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji dariyata ta tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Tawa ce, wadda nake ja da ɗan shaƙewa a ƙarshe. Rariya ta suɓuce mini. Na tsaya ina sauraron kaina ina yi wa fasinja ba'a, mata kuma suna amsawa da shewa. Na zauna a kan turmi. Abin da na fara dubawa shi ne ƙofar zaure, ko maigidan ya dawo.

Daga baya na gane hanyar da ya biyo. Mazan da suka saya bisa kuskure sun kawo wayoyin gida sun ajiye. Matansu suka ɗauka suka kalla har ƙarshe. To mu mata ba ma zuwa shago. Wurin kitso muke haɗuwa, da wurin suna, da gidan biki, kuma a nan waya ke sumbatar waya. Ki matso da taki kusa da tawa, kafin a gama kitse gefe ɗaya fim ya ƙaura, ba ko sisi. Daga Jega ya shigo Aliero, daga Aliero ya bi 'yan biki zuwa ƙauyuka. Na ji an ce har a rugage ana kallonsa. Abin da na roƙa da abin da na ji tsoro duka suka same ni a haɗe: ƙanena bai samu kome ba, muryata kuma ba gidan da ba ta shiga ba.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na daina dariya, don dariyar ce ta fi tona ni. Na rage magana. In maƙwabta sun shigo sai in ce mura nake yi, in amsa musu da kai ko da raɗa. Suka matsa sai na zo mun kalli fim ɗin mai kwalekwale, na ce ciwon kai yake sa ni. Wata rana dai suka zo da shi har ɗakina suka kunna. Na zauna na ja mayafi na rufe baki. Da aka zo wurin kukan, wata dattijuwa a cikinsu ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Allah shi yi ma mai muryar ga albarka, ko wace ta." Sauran suka ce amin, ba wadda ta ƙara kome. Ban san ko sun gane ba, kuma ba halin in tambaya. Rashin sanin nan ya fi kome cina.

Duk sallamar da maigidana ya yi, sai na karanci fuskarsa kafin in amsa. In ya shigo da waya a hannu, in ce ya ji. In ya yi shiru a kan abinci, in ce yau ce. Nakan dubi akwatina a saman kabad, in dubi 'yata tana rarrafe, in tuna matar nan da ta fita ita kaɗai. Muddin yarinya tana shan nono, ko an kore ni da ita zan tafi. Da an yaye ta, ta zama ta gidan uba. Don haka kowane haƙori da ya fito mata, ni tsoro yake ƙara mini. Shi kuwa maigidan, watanni ina magana ƙasa-ƙasa a gidansa, abin da ya ce kawai shi ne haihuwa ta sa na yi hankali.

Da ruwa ya sauka ƙanena ya rufe shago. Ya biyo ta Aliero ya yi mini sallama kafin ya wuce Alelu, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. A zaure muka tsaya, ya rage murya ya ce, "Adda, ba maccen da ba ta kalle shi ba, kuma ba wadda tab biya." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. Ya ce lissafinsa daidai ne, mata ne masu kallo, abin da ya manta shi ne ba su ne masu tsayawa gaban shago ba. Na ce wataƙila can Indiyar ma haka ne, mai son fim ɗin tana gida, mai kuɗin shiga kuma yana tambayar wa ke ciki. Ya roƙe ni gafara, na ce ba abin da ya yi mini. Na ƙulla masa albasa da ɗan yaji ya tafi.

Aka ci gaba da zama a haka har wata shekarar ta kewayo. Yarinya ta yi ƙafa, ta fara haɗa kalmomi, tana kirana Umma. Na yi ta jan yaye da dalilai, yau zafi ya yi yawa, gobe tana zawo. Rannan maigidan ya ce an yi wa ƙanensa haihuwa a Mungadi, za mu je suna, kuma daga nan za a bar yarinya wurin Hajiya, mahaifiyarsa, ta yaye ta. Al'ada ce, kaka ke yaye. Na haɗa kayanta, ina ninke 'yan riguna ina tunanin ko ni zan sake wanke su.

A babur muka tafi, ita a tsakaninmu. Muka ratsa Jega, muka bi hanyar Maiyama, muka sauka Mungadi da hantsi. Shi ya tsaya wurin maza a ƙofar gida, ni na shige ciki. Gida cike da mata, ana ta tuƙa tuwo, ana raba goro. Na gaida Hajiya na durƙusa har ƙasa. Mace ce doguwa mai ƙarancin magana, idonta kuma ba ya wuce abu. Tun aurena ban taɓa sakewa a gabanta ba.

Bayan an ci abinci, rana ta yi zafi, aka taru a rumfar Hajiya. Sai wata ta ce a kunna mai kwalekwale, amarya mai jego ba ta gani ba. Aka jingine waya a jikin kwano don sauti ya ƙaru. Na nemi tashi, Hajiya ta ce, "Zamna, ɗiyata, ina za ki cikin ranag ga?" Na zauna a bakin tabarma na rungume yarinya. Muryata ta cika rumfar. Wasu suna faɗin maganar tare da ni, sun haddace.

Ana tsakiyar wurin da matar ta tsaya gaban dattawa, sai ga sallamar maigidana. Ya shigo ya gaida mahaifiyarsa, don yana son mu kama hanya kafin la'asar. Matan suka gyara mayafi, amma ba wadda ta yi saurin kashe wayar. Ya durƙusa gaban Hajiya, wayar tana gefen gwiwarsa.

A daidai nan yarinyar ta zame daga jikina. Ta taka ta je gaban kwanon, ta tsuguna, ta nuna wayar da yatsa ta ce, "Umma." Ta juyo ta dube ni, ta sake duban wayar, ta ce, "Umma!" da ƙarfi, tana murna ta gano abu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mace ba ta tari, ba mai motsa munduwa. A nan na san duk sun sani, tun ba yau ba, don ba wadda ta juyo ta kalle ni. Kowa ta kafa ido a tabarma. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ba na ko gama ɗaya.

Hajiya ta miƙa hannu ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ba gaggawa. Ta ce, "Ɗiyan yaye ke nan. Kowace macce Umma ta. Ɗazu ma akuya tak kira haka." Wata ta yi dariya, sauran suka bi ta.

Maigidana ya yi murmushi. Sai ya sa hannu ya ɗauki wayar.

Ya riƙe ta a gabansa. Ina kallon yatsunsa. Matar tana magana, ni ina magana, ina gaya wa dattawa cewa tun ina goye nake ƙetare kogin nan, ba mai raba ni da shi. Kowace kalma na san inda na ja numfashi kafin in faɗe ta. Ya karkata kai kamar mai saurare. Na dubi 'yata a cinyar kakarta, na ce a raina shi ke nan, ta riga ta isa inda za ta zauna.

Ya ce, "Wa ac ciki?"

Ƙanwarsa ta ce, "Macce ta, Yaya. Babu jarumi."

"Babu hwaɗa?"

"Babu."

Ya mayar da wayar jikin kwano ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ku dai ba ku gajiya," in ji shi. Ya ce in shirya, ya fita.

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace sannan na tashi na karɓi 'yata. A ɗaki na ba yarinya nono na ƙarshe, hawaye na ɗiga a kanta. Hajiya ta shigo ta tsaya a kaina. Na jira faɗa, ko gargaɗi, ko tambaya. Ta ce, "An sa mani fim ɗin cikin wayata. In ta yi kukanki, shi za ni kunna mata." Ta karɓi yarinyar ta saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ta tsaya ta ƙara da cewa, "In ta manta nono ki zo ki ɗauki abinki." Na durƙusa na ce na gode.

Har yau fim ɗin yana yawo. Wayoyi sun mutu an sayi wasu, shi bai mutu ba, kuma har yau in na ji shi ta katanga sai na dubi ƙofar zaure. Abin da ya tsare ni bai wuce abin da ya rufe shagon ƙanena ba, kuma na san ba katanga ce mai ƙarfi ba. Namiji ɗaya mai haƙuri ya isa, wanda zai zauna ya kalla har ƙarshe ya ce kamar ya san muryar nan.

Amma ranar, a kan hanyar komawa, ba tsoro ne ya cika mini ciki ba. Na hau bayan babur, wurin da yarinya ta zauna da safe ya zama fili, na matso na riƙe rigarsa. Ƙirjina ya yi nauyi da nono. Ina ta juya abin a raina: yarinyar da ba ta gama iya magana ba ta gane ni daga cikin kwano, tsofaffin unguwa sun gane ni, uwarsa ta gane ni. Shi ya riƙe ni a tafin hannunsa, ya karkata kai ya saurara, bai gane ni ba. Na yi ta gaya wa kaina ai abin godiya ne, kuma abin godiyar ne, amma na kasa godewa.

Mun wuce Maiyama ya rage gudu saboda ramuka, ya ɗan juyo da kai ya ce, "Wanga fim ɗin na ƙanenki na, ko? Wanda yas sa shi rufe shago?"

Na ce, "Shi na."

Ya girgiza kai. "Da ya shawarce ni da na hana shi. Wa za shi ba da kuɗinai shi zamna sauraren macce tun daga hwarko har ƙarshe?"

Na ce, "Babu kowa."

Ban yi raɗa ba, ban rufe baki da mayafi ba. Da muryata ta asali na faɗa, bakina dab da kunnensa. Ya ce, "Ato," ya ƙara wuta.